Na ƙi bin su mashaya, yanzu ko shayi ba sa kira na

Tambaya:

Assalamu alaikum Malam. Ni malamin lissafi ne, na daɗe ina koyarwa a wata sakandare a Zariya kafin Allah ya yi min hanyar zuwa Ingila a watan Satumban nan, yanzu ina wata makaranta a wani ƙaramin gari can arewacin ƙasar. Aiki alhamdulillahi, albashi na shigowa. Matsalata abokan aiki. Duk Juma'a in an tashi sai su wuce mashaya, da farko sun gayyace ni har sau uku ina cewa a'a, toh tun daga nan babu wanda ya ƙara yi min maganar. Ni kaɗai nake cin abincina a aji ina waya da iyalina tunda ba su ƙaraso ba tukuna. Ranar Litinin sai in ji suna ta dariya a kan abin da ban sani ba, har wasu maganganun aiki ma a can suke gama su. Gaisuwa kuwa a tsaitsaye, kafin ka amsa mutum ya wuce. Ga kuma liyafar Kirsimeti ta ma'aikata ta matso an ce kowa ya rubuta suna. Wariya suke nuna min ne? In fara bin su in riƙa shan lemo, ko in nemi wata makarantar kawai? Wallahi kaɗaici ya ishe ni.

Malam A., daga arewacin Ingila

Amsa:

Wa alaikumus salam Malam. Sannu da aiki, sannu kuma da sanyi, don mutumin Zariya ya san hunturu amma bai san irin wanda rana ke faɗuwa kafin ƙarfe huɗu ba, ka fita aiki cikin duhu ka dawo cikin duhu, ga shi ba kowa a gida. Wannan kaɗai ya isa ya sa mutum ya ga kamar duniya ta juya masa baya.

Bari in fara da tambayarka ta farko tunda ita ce ke cin ranka. Daga abin da ka rubuto ni ban ga wariya ba. Ban ce babu ita a ƙasar ba, akwai, kuma zan zo kanta, amma mutanen da suka gayyace ka har sau uku ba mutanen da suka tsane ka ba ne. Abin da ya faru shi ne kai giya ka ƙi, su kuma sun ɗauka su ka ƙi, kuma har yau ba wanda ya warware wa ɗan'uwansa.

Ka duba yadda muke a gida. In an turo sabon malami makaranta ba shi zai nemi mutane ba, mutane ne za su neme shi, kafin sati ya zagayo wani ya ja shi gida ya ci tuwo, wani ya nema masa ɗakin haya, wani ya gabatar da shi wajen mai shayin da zai riƙa ɗaga masa ƙafa zuwa ƙarshen wata, kuma in an ce bismillah ka ce ka ƙoshi ba wanda zai ɗauke ka da gaske, sai an matsa maka an sake matsawa, kai ma ɗin a ranka matsawar kake jira. Bature ba ya haka. In ya ce zo ka ce a'a, ya karɓi a'ar a yadda ka ba shi, in ya sake kira ka sake cewa a'a sai ya fara jin kunyar kansa, yana ganin kamar takura maka yake yi. Shirun da kake gani yanzu, a nasu lissafin girmama ka suke yi, sun ce wannan bawan Allah yana son a bar shi shi kaɗai, bari mu ƙyale shi. Sannan kai kuma ka shige aji ka ja ƙofa ka sa abin kunne kana waya da Hausa duk lokacin cin abinci, ka ga ai ka tabbatar musu da zatonsu kenan.

Maganar mashaya kuma, ni ba zan ce maka ka je ba. Akwai hadisi sananne a Tirmizi da ya hana wanda ya yi imani da Allah da ranar lahira zama a teburin da ake zagaya giya, kuma na san kai ma ka san shi, shi ya sa ma ka ce a'a tun farko. Akwai Musulmi a can da suke zuwa su zauna da lemonsu na rabin awa su tashi, wannan tsakaninsu da malamansu ne, in kana son hukunci ka tambayi limamin masallacin da kake zuwa wanda ya san yanayin ƙasar. Amma ko ta fuskar zaman kanta akwai abin da ya kamata ka sani, suna da al'adar sayen abin sha bi da bi, wannan ya tashi ya saya wa kowa na teburin, in an shanye wani ya tashi, haka har ya zagayo kanka, ranar da ya zo kanka kuwa ko dai ka saya wa mutane giya da kuɗinka ko ka zama wanda ake saya wa shi ba ya saya. Duk biyun ba mai daɗi. Don haka shawarar bin su a sha lemo ba ta da sauƙin da ake zato.

Abin da nake so ka gane kawai shi ne matsayin wurin a wajensu. Mashaya a wajen Baturen Ingila kamar majalisar ƙofar gida take a wajenmu, wurin da ake sauke gajiya, a yi gulmar shugaba, a yi musun ƙwallo, a san wane ne wane. Wanda kullum yake wuce majalisa ko sallama babu, ko da dalilinsa mai kyau ne, in bai faɗi dalilin ba sunansa mai girman kai. Toh kai ma ka faɗa. Ka samu wanda ya fara gayyatarka ɗin, ka tare shi ba a cikin taro ba, ka ce masa wane na ji daɗin kiran da kuka yi min kwanaki, ni saboda addinina ba na zama inda ake shan giya shi ya sa ban zo ba, amma ina son zama da ku, in akwai cin abinci ko ƙwallo ko wani abu dan Allah a riƙa sa ni. Shikenan, ba wa'azi ba dogon bayani. Za ka yi mamakin yadda zai saki jiki, don yawancinsu tsoron kada su faɗi abin da zai ɓata maka rai ne yake sa su kama bakinsu gaba ɗaya.

Ainihin gyaran kuma ba ranar Juma'a da yamma yake ba, yana cikin kwana biyar ɗin da kuke tare. Mashaya awa biyu ce a sati, kuma in ka lura ba kowa ke zuwa ba, yawanci matasan da ba su da iyali ne, masu yara suna can suna gudun ɗauko su, masu tuƙi mai nisa sun kama hanya, akwai waɗanda su ma ba sa sha saboda nasu dalilan. Ranar Litinin in ana wannan dariyar ka waiga ka ga su wa ba sa dariya, za ka samu ba kai kaɗai ba ne ba ka je ba. Ɗakin malamai, ko ofishin sashen lissafi in can mutanenku suka fi zama, nan ne ake ƙulla zumuncin gaske, a ɗan hutun safen nan na minti goma sha biyar ko ashirin da kuma lokacin abincin rana. Kai kuma daidai wannan lokacin ne ka ba wa waya.

Wayar nan ka mayar da ita dare. Na san da ciwo, na san muryar yara ita ke riƙe ka, amma bambancin lokaci tsakaninku awa ɗaya ne kawai a hunturu, daga ƙarshen Maris zuwa ƙarshen Oktoba ma agogonku ɗaya, don haka ba abin da zai hana ku yi hirarku bayan isha'i a natse. Ka yi wa uwargida bayani za ta gane, ita ma ba za ta so ta zo ta tarar da kai ba ka san kowa ba. Ka ɗauki abincinka ka je ka zauna cikinsu, ko ba ka ce komai ba satin farko, a dai saba ganin fuskarka a wurin.

Sai shayi. Kar ka raina maganar shayin nan Malam, a wurin aiki a Ingila babban al'amari ne. In za ka dafa ruwa ka ɗaga murya ka ce akwai mai so? sai ka haɗa wa duk wanda ya amsa, ka tambayi kowa yadda yake sha, wani da madara ba sukari, wani cokali ɗaya, wani baƙi, kuma ka riƙe a kanka, ranar da ka miƙa wa mutum kofinsa yadda yake so ba tare da ka sake tambaya ba ka shiga ransa fiye da zaman mashaya goma. Nasu shayin ba irin namu ba ne mai kauri da madarar gwangwani da sukari cokali huɗu, kar ka haɗa musu irin naka, sai dai in sun nema don su ɗanɗana. Ka sayi kofinka ka ajiye, kar ka ɗauki na wani a kan kanta, wallahi mutum zai iya riƙe ka a rai wata guda saboda kofi kuma ba zai taɓa faɗa maka ba. In akwai asusun da ake tara kuɗin madara da ganyen shayi ka tambaya ka zuba naka. In kati ya zagayo na wadda ta haihu ko wanda zai bar aiki ka sa hannu ka rubuta ɗan layi ɗaya, in da ambulan ka jefa fam biyu ko biyar, wannan kam ba sai an koya wa Bahaushe ba. A makarantu da yawa kuma mai ranar haihuwa shi ke kawo kek ya ajiye a ɗakin malamai, ba shi ake kawo wa ba, in ka ga kek a tebur ka tambayi na waye ka taya shi murna.

Akwai wata ɗabi'a tamu da nake zargin tana cutar ka ba ka sani ba. Mu in an ce ya aiki sai mu ce da godiya, ya gajiya ba gajiya, ko da kuwa mutum ji yake kamar ya faɗi. Tarbiyya ce mai kyau, amma malaman Ingila da ƙorafi suke sabawa da juna. Makin takardun ɗalibai ya yi yawa, 'yan aji tara sun haukace yau, injin hoton takardu ya sake cijewa, ana raɗe-raɗin masu binciken Ofsted, hukumar duba makarantun ƙasar, na tafe, taron iyaye zai kai ƙarfe bakwai, ruwan sama ya ƙi tsayawa. In kowa ya kawo nasa kukan kai kuma kullum komai lafiya lau, sai su ga kamar ko dai ka fi ƙarfinsu ko kana ɓoye musu kanka. Ba cewa na yi ka zama mai butulce wa ni'ima ba, amma ka ɗan buɗe. Ka ce kai yaran nan na awa ta biyar sun sha ni yau, ya kuke yi da su? Kuma na tabbata suna shan ka ɗin, don duk malamin da ya taso daga inda ake miƙewa in malam ya shigo ya faɗa inda yaro ɗan shekara 13 zai kalli idonsa ya ce ba zai yi ba, sai ya ji a jikinsa. An hana duka a makarantun gwamnatin ƙasar tun 1987, komai da tsari ake yinsa, gargaɗi, rubuta suna a kwamfuta, tsarewa bayan an tashi, kiran iyaye, kuma waɗannan abokan aikin naka sun fi ka sanin dabarun. Ka roƙi ɗaya daga cikinsu ya bar ka ka zauna a bayan ajinsa ka ga yadda yake tafiyar da yaran da suke ba ka wuya. Ba abin da malami yake so kamar a ce masa koya min, kuma ba zai rage maka daraja ba, a can wanda ba ya tambaya shi ake yi wa kallon matsala. Kai ma in ka shirya takardar aiki mai kyau a kan aljabra ko wata hanya da kake koyar da kashi-kashi wadda ba su saba da ita ba, ka jefa a jakar sashe ta kwamfuta ka ce ga shi in wani na so. Lokacin shirin jarrabawar GCSE, wato tasu mai kama da WAEC, daga bayan hutun Ista zuwa Mayu da Yuni, kowa a gigice yake, wanda ya ɗauke wa wani ajin bita ɗaya ba a mantawa da shi.

Hira kuma ka bi ta inda suke bi. Yanayin gari, ƙwallo, abin da aka yi a ƙarshen mako, inda za a je hutu, karensu ma in ya kama, eh karen, ka tambayi sunansa. In kana kallon Firimiya ka riga ka samu rabin hanya, ka bayyana kulob ɗinka ka bari su yi maka tsiya in an ci ku, don in Baturen arewacin Ingila ya fara tsokanarka alama ce ya karɓe ka, kai da ka saba shan tsiyar Kanawa wannan ba zai gagare ka ba. Abin da za ka kiyaye: kar ka tambayi albashin mutum, ko shekarun mace, ko me ya sa wance ba ta yi aure ba, ko me ya sa har yanzu ba haihuwa, kar ka ce wa mutum ya yi ƙiba da sunan yabo. Addini in an tambaye ka ka amsa a taƙaice cikin fara'a, in ba a tambaya ba ka bari halinka ya yi magana. Gaisuwar tsaitsayen nan da take ba ka haushi kuwa haka suke yi wa junansu ma, ba jiran amsa ake yi ba, ka mayar da irinta ka wuce, doguwar gaisuwa ka adana ta sai an zauna.

Mata sun fi yawa a aikin koyarwa a can, mai yiwuwa ma shugabar sashenku mace ce, don haka in ka ce za ka kauce musu ka kauce wa yawancin abokan aikinka kenan. In ba ka musabaha da mata ka faɗa sau ɗaya da murmushi, hannu a ƙirji, ka ce addinina ne, amma ka gaishe ta da kyau, ka kalle ta in tana magana, ka nemi shawararta kamar yadda za ka nemi ta namiji. Abin da ke ɓata musu rai ba rashin ba da hannun ba ne, a'a su ga ana magana da maza ana tsallake su. Kuma ka daure ka riƙa kiran mutane da sunansu na yanka in sun ce ka yi hakan, har wanda ya haife ka a shekaru, na san baki na nauyi, amma yawan ranka ya daɗe da sunkuyar da kai nisa yake ƙara muku.

Kar kuma ka tsaya kan malamai kaɗai. Matan ofishin gaba, mai kula da gini, masu taimaka wa malamai a aji, mai gyaran kwamfuta, waɗannan su suka san makarantar ciki da bai, da yawansu 'yan garin ne tun kakanni, su za su gaya maka inda ake gyaran mota ba cuta da unguwar da ta dace ka nemi gida kafin iyali su zo. Ba kuma sai kowa ya zama abokinka ba, mutum ɗaya ko biyu da za ku riƙa zama tare sun isa su canza maka makarantar gaba ɗaya.

Yanzu gayyata. Bahaushe ya ce zo mu ci tuwo ya fi tuwon daɗi, su sun yi nasu sau uku, saura kai. Ka fara da kawo wani abu ɗakin malamai, cincin ko dubulan in za ka samu, dabino, zoɓo mai sanyi, ko ka dafa jalof ranar da ake zuwa aiki ba ɗalibai, irin ranakun horon malamai ɗin nan guda biyar a shekara, ranar kowa a sake yake. Amma dan Allah ka ji wannan da kyau: duk abin da ke da gyaɗa kar ya shiga makaranta, ƙuli-ƙuli, yajin tsire, kunun gyaɗa, tuyar man gyaɗa, duka. Akwai masu cutar da ko ɗan ƙanƙanin gyaɗa zai iya kai su asibiti rai a hannun Allah, makarantu da yawa sun hana shigo da ita kwata-kwata. Ka rubuta abin da ke cikin abincin a 'yar takarda ka ajiye a gefe, ka kuma tuna akwai waɗanda ba sa cin nama. Kilishi kuwa kar ma ka ce uwargida ta taho da shi, doka ta hana shigo da nama da kayan madara a jaka daga Najeriya, za a ƙwace a filin jirgi a banza.

Daga nan sai ka shirya fita. Turawan Ingila suna mutuwar son abincin Indiyawa da 'yan Pakistan, kuma a arewacin ƙasar irin waɗannan gidajen abinci ba sa wuyar samu, da yawa na halal ne, wasu ma ba sa sayar da giya sam, ka bincika tukuna ka tabbatar ba irin wanda ake barin mutum ya shigo da kwalbarsa ba ne. Ka zaɓi rana, misali Alhamis ɗin da ta gabaci hutun rabin zango, ka faɗa tun saura sati biyu ko uku don mutanen nan da kalanda suke rayuwa, wata rana mu je cin abinci ba gayyata ba ce a wajensu, sai ka ce rana kaza ƙarfe kaza wuri kaza. Kowa zai biya nasa, kar ka tsaya kokawar biya wa mutum takwas, kunya za ka ba su. In mutum uku suka zo an yi nasara. In kana taɓa ƙwallo ka tambaya ko akwai masu buga 'yan biyar-biyar bayan an tashi, galibi malaman motsa jiki ke haɗawa. Akwai kuma gudun parkrun da ake yi kyauta duk Asabar ƙarfe tara na safe a wuraren shaƙatawa, kilomita 5, tun 2004 aka fara shi a Landan ya bazu ko'ina, ana iya takawa ma ba dole sai gudu ba, kuma da wuya a rasa malamin makarantarku ko ɗaya a wurin.

Batun yanke maganar aiki a mashaya, wannan kana da gaskiya kuma haƙƙinka ne ka yi magana, amma ba da faɗa ba. Ka samu shugaban sashe ka ce na lura wasu abubuwan nakan ji su a makare tunda ba na samun zaman Juma'a, dan Allah in an tsayar da wani abu a riƙa turowa ta imel ko a kawo shi mitin. Ka tambaya kuma ko akwai gurup na WhatsApp na sashe, mai yiwuwa an buɗe shi tun kafin ka zo ba wanda ya tuna ya sa ka.

Sallah ma kar ka riƙa yin ta a ɓoye kamar mai laifi. A wannan watannin azahar da la'asar da magariba duk suna matsewa tsakanin tsakar rana da ƙarfe huɗu, in kana ɓacewa ba bayani sai a yi ta zato, in ka ce minti goma zan je in yi sallah shikenan an wuce wurin, wani ma shi zai riƙa tuna maka. Juma'a ta fi wuya, ka nemi mai tsara jadawali tun kafin a rubuta na baɗi, yawanci a zangon ƙarshe ake yi, ka roƙa a sa maka lokacin shirin darasinka, kashi 10 cikin 100 ɗin nan na lokacin koyarwa da ake ware wa malami, ya faɗo daidai lokacin masallaci. Ba dole ne su iya ba amma wanda ya nema da wuri ya fi samu. Azumi kuma a shekarun nan yana zuwa ne kafin rana ta yi tsawo, ba irin na 2016 ba da ake kai awa 18 ana jan baki, ka sanar da su kafin ya kama, kuma ko ba ka ci ka riƙa leƙa ɗakin malaman, in Sallah ta zo ka kai musu wani abu.

Toh yaushe ne za ka ce wannan kam wariya ce? In ana kwaikwayon maganarka ana dariya bayan ka nuna ba ka so, in ana jifanka da maganganu kan addininka ko launinka da sunan wasa, in kullum kai ake jibga wa azuzuwan da kowa ya gudu ba taimako, in ana hana ka horon da ake ba wasu. Irin wannan ka rubuta rana da lokaci da wanda ya faɗa da wanda yake wurin. Dokar daidaito ta 2010 ta haramta nuna bambanci a wurin aiki saboda addini ko launin fata, kuma ta shafe ka ko da biza kake zaune. In ba ka shiga ƙungiyar malamai ba ka shiga cikin satin nan, NEU ko NASUWT, tun kafin wata matsala ta taso, don ba kasafai suke ɗaukar rigimar da ta riga shigarka ba. Akwai kuma Education Support, ƙungiyar agaji ce ta ma'aikatan ilimi, suna da layin waya kyauta dare da rana in abin ya taru maka a ƙirji.

Canza makaranta kuwa, ban ce har abada ba, amma ba a Disamba ake yanke wannan shawarar ba. Bizarka a ɗaure take da makarantar da ta ɗauki nauyinka, sabon wuri sai sun yarda za su ɗauki nauyin kuma sai ka sake cike takardu, sannan ba makarantar da za ta ɗauke ka ba tare da ta nemi shaidar shugabanka na yanzu ba. A yawancin makarantu ma wa'adin miƙa takardar ajiye aiki uku ne, ƙarshen Oktoba, ƙarshen Fabrairu, da 31 ga Mayu ga mai son tafiya ƙarshen shekara. Ka ga kana da lokaci har Mayu ka gwada abin da na faɗa. Kuma in ka tafi da ƙofar aji a rufe, sabuwar makarantar ma haka za ka same ta. Kafin nan ka kula da jikinka, hukumar lafiyarsu NHS tana ba da shawarar shan bitamin D a kaka da hunturu, masu duhun fata irinmu ma duk shekara, ka tambayi mai kemis. Ƙarshen mako ka shiga jirgin ƙasa ka je babban garin da ke kusa, ka yi sallah cikin jama'a, ka nemi 'yan gida ku ci tuwo ku yi Hausa har ta ishe ka, sai dai kar hakan ya zama dalilin sake rufe ƙofa ranar Litinin.

Saura liyafar Kirsimeti. Ka tambayi mai shiryawa a ina za a yi kuma ya tsarin yake. Gaskiya galibi akwai giya a teburin, wani lokacin har cikin kayan zaƙin da ake kawowa a ƙarshe, don haka in zuciyarka ba ta kwanta ba kar ka je, amma kar ka bar takardar sunayen ta wuce ka shiru kamar yadda aka yi a baya. Ka je ka same ta ido da ido ka gode mata da wahalar da take yi, ka faɗi dalilinka a jimla ɗaya, ka tambaya ko akwai abin da za a yi a cikin makaranta ranar rufewa, yawanci akan haɗu a ɗakin malamai a ci ɗan abu a yi sallama da masu tafiya, wannan ka halarta ka kawo naka. Sannan a nan take ka ce mata kana so ka haɗa cin abinci a Janairu, ta taya ka yaɗawa. Watan ma ya dace da kai, don da yawansu suna ajiye giya gaba ɗaya a Janairu bayan shagalin ƙarshen shekara, aljihu kuma ya yi sanyi, wurin cin abinci mai sauƙin kuɗi da ba a sha a lokacin ba wanda zai ga baƙonsa.

Allah ya kawo iyali lafiya. Ka sake rubuto min bayan hutun Fabrairu in ji mutum nawa suka zo.